KIBIYA DA HUKUNCINTA: Kayan Harbin Ƙasar Ruma a Ma'aunin Shari'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Jama'a masu karatu, yau filin namu daji zai shiga. Mun sani galibin masu bin wannan shafi 'yan kasuwa ne da ma'aikatan gwamnati, waɗanda wataƙila ba su taɓa ɗana kibiya a baka ba tun da aka haife su, har wani zai ce, ina ruwan biri da gada? To, ruwansu kuwa shi ne nama. Ma'aikacin da ya fita rangadi a kan yi masa tsaraba da bandar gada ko ta zomo, falken da ya tsaya a bakin hanya ya kan sayi zabin daji ya kai wa iyali, kuma duk naman nan ta ɗayan hanya biyu ya ke zuwa tukunya: ko dai an yanka dabbar, ko kuwa makami ya kashe ta kafin wuƙa ta iso. In ta hanya ta biyun ce, to, tazarar da ke tsakanin halal da mushe ba ta da yawa, kuma abin da ke raba su shi ne irin kayan da maharbi ya zaɓa, da yadda ya sake su daga hannunsa. Ga shi kuma masu fita ƙasashen waje suna ganin bakunan Turawa da tarkacensu a kantunan can, waɗansu kuma ta intanet, har sha'awar saye ko sarowa ta kan kama su. Saboda haka maganar ta shafi mai ci, ta shafi mai saye, ta kuma shafi mai sayarwa.

Ba mu ga inda ya fi dacewa mu kafa misali ba kamar ƙasar Ruma, watau Batsari da Safana a yammacin Jihar Katsina, inda Dajin Rugu ya miƙe har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, sai yammacin Katsina ya zama fagen hare-hare kusan tsawon ƙarni na 19 duka. Garuruwa suka tashi, daji ya rufe kufai, namun dawa suka yawaita, mutanen da suka daure suka zauna kuwa ba su rabuwa da kwari ko gona za su. A wannan ƙasa ne aka yi Ɗanwaire, barden da ake kira Gwanki Sha Bara, wanda har yau ba a maganar jaruntakar Rumawa ba tare da an ambace shi ba. Hakimin Batsari shi ke riƙe da sarautar Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina, kuma a garuruwan ƙasar maharba suna da nasu shugabanni irin su Sarkin Baka.

Harbi da baka abu ne mai daraja a Musulunci. A aya ta 60 ta Suratul Anfal Allah ya umurci muminai da tanadin ƙarfi, kuma a hadisin Uƙbatu ɗan Amir, wanda Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara ƙarfin nan da harbi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas shi ne farkon wanda ya harba kibiya saboda ɗaukaka addini. A ƙasarmu ma, a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, 'yan bakan jama'a ne suka tsaya wa dawakin Gobir masu lifidi har aka sami nasara. Amma yaƙi daban, farauta daban. A yaƙi ba wanda zai ci abin da kibiya ta kayar.

KAYAN MAHARBIN GARGAJIYA

Bakan maharbin ƙasar Hausa itace ne guda, tsawonsa bai cika wuce ƙafa biyar ba, tsirkiyarsa ta fata ce murɗaɗɗiya. Kibiyar gajera ce, jikinta na kyauro, bakinta ƙarfen maƙera mai kunnuwa domin in ta shiga kada ta fita, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda Larabawa da Turawa su ke yi. Kwari na fata ne, a kan rataya shi a kafaɗa tare da burgami da gatari da wuƙa. Sai kuma burtu, wanda a ganinmu ya fi duk sauran kayan nuna basirar mutanenmu: maharbi ya ɗaura kan tsuntsun nan a goshinsa, ya durƙusa, ya riƙa tafiya yana caccakar ƙasa kamar mai kiwo, har ya kusanci barewa ba ta farga ba. Shari'a ba ta hana yi wa naman daji irin wannan dabara ba.

Dalilin burtu kuwa shi ne kibiya marar gashi ba ta tafiya nesa a miƙe, bakan kuma ba shi da ƙarfin da zai ratsa ƙirjin gwanki ko ɓauna ya kashe nan take. To, a nan ne dafi ya shigo. Abin da maharba suka dogara da shi tun kaka da kakanni shi ne kwankwani, tsiron da gubarsa ke tsayar da bugun zuciya, sa'an nan ko wane gida da nasa sirrin abin da ya ke ƙarawa. Da dafi, ƙwarzane kaɗan a cinya ya isa. Dabba ta yi gudu, ta gaji, ta faɗi, maharbi ya bi sawu ya tarar da ita, ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya yar, sauran ya kai gida. Har giwa an kashe ta haka a zamanin da, da sango mai dafi wanda a ke harbawa daga bakin bindiga. Dabara ce mai aiki, ba mu musun wannan. Tambayar da malaman fiƙihu suka yi ita ce: me ya kashe dabbar, ƙarfen ko gubar?

MAGANAR DAFI

Asalin hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida. Aya ta 3 ta lissafa abubuwan da aka haramta, cikinsu har da mushe, da wadda aka shaƙe, da wadda aka doke ta har ta mutu, da wadda ta faɗo daga bisa, sai fa abin da aka riska da rai aka yanka. Aya ta 4 ta halatta abin da horarrun karnuka da tsuntsaye suka kamo, tare da ambaton sunan Allah. Malaman mazhabar Maliki suka ɗauki raunata naman daji da makami mai kaifi a matsayin yanka na lalura, wanda ke tsayawa a madadin wuƙa saboda ba a iya kama dabbar da hannu. Tun da ya ke madadin yanka ne, tilas ne a san cewa raunin ne ya kashe. In wani abu ya yi tarayya da makamin a kisan, aka kasa bambancewa, sai haramci ya rinjaya.

Shi ya sa Shehu Halilu, a Muhtasar ɗinsa wanda a ke karantawa a zaurukan malamai daga Katsina har Sakkwato, ya jera kibiya mai dafi tare da faɗawa cikin ruwa a cikin abubuwan da ke hana cin farauta. Maganar ruwa tana cikin hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka hana shi cin abin da ya harba ya tarar a cikin ruwa, domin bai san ko ruwan ne ya kashe ko kibiyarsa ba. Dafi ma haka ya ke. Masu sharhi sun rarrabe mas'alar. In kibiya mai dafi ta sami dabba a inda ba makasa ba, kamar cinya ko gindi, maharbi ya zo ya tarar ta riga ta mutu, wannan ba a ci, ba saɓani a kai a cikin mazhaba. In kibiyar ta huda makasa, to ƙarfen ya riga gubar aiki, an sami abin da ke madadin yanka, sai dai a kula da cutar da gubar za ta yi wa mai ci. In kuwa ba ta huda makasa ba amma ya riske ta da rai ya yanka, an ruwaito daga Imamu Malik cewa bai yarda a ci ba, saboda tsoron dafin ya taimaka wajen kisa da kuma tsoron lafiyar mai ci, alhali Sahnunu, wanda ya rasu a shekara ta 240 ta Hijira, yana ganin a ci, kuma Ibn Rushdi kakan ya ƙarfafa ra'ayinsa.

Makasa a wurin Malikawa biyar ne: yankewar lakar da ke cikin ƙashin baya ko wuya, yankewar jijiyar wuya, tarwatsewar ƙwaƙwalwa, zubowar kayan ciki daga mazauninsu, da hujewar hanji. Duk wanda ya san ƙarfin bakan gargajiya ya san ba kullum kibiyarsa ke kai wa waɗannan ba a jikin babbar dabba. Watau ke nan yawancin abin da a ka harba da dafi halaccinsa ya rataya ne a kan maharbi ya riske shi da rai, da wuƙa a hannu. Mun ji masu cewa ai iyaye da kakanni sun ci, ba abin da ya same su. Lafiyar ciki daban, halaccin abin da aka ci daban. Mushen rago ma in aka dafa shi da wuri ba lalle ya kwantar da kowa ba.

BAKAN ZAMANI DA KUNAMARSA

Mutanen Amurka sun bi wata hanya dabam. Tun 1934 Jihar Wiskonsin ta ware wa masu baka lokacin farautar barewa na kansu, sauran jihohi suka biyo baya, sana'ar ƙera kayan harbi ta bunƙasa. A 1966 wani mutumin Jihar Misuri mai suna Holless Wilbur Allen ya nemi rajistar wani sabon baka mai ƙananan wili a kan kunnuwansa biyu, aka ba shi a 1969. Amfanin wilin nan shi ne, in maharbi ya ja tsirkiya ta kai iyaka, sai nauyin ya ragu ƙwarai, sau da yawa da kashi 70 ko 80 cikin 100, har mutum ya iya riƙe baka a jaye yana jiran dabba ta juyo. Nauyin jan irin waɗannan bakuna na farauta ya kan kama daga laba 40 zuwa 70, kibiyar kuma tana iya gudun ƙafa 300 a daƙiƙa guda. Da irin wannan ƙarfi ba a bukatar dafi. Kibiya ce ke ratsa ƙirji, jini ya zuba, dabba ta faɗi. Ta wannan fuska kam bakan zamani ya kawar da babbar shubuhar da muka ambata, kuma ba mu ga dalilin ƙin faɗin haka ba don kawai daga Turawa ya zo.

Sai dai shi ma ya zo da tasa tambayar. Irin wannan baka ba a cika jansa da yatsu ba, sai da wani ɗan ƙarfe mai kama tsirkiya, wanda za mu kira kunamar tsirkiya, tun da aikinsa ɗaya da kunamar bindiga. Sa wani abu tsakanin yatsa da tsirkiya ba sabon abu ba ne ga Musulmi. Maharban Turkiyya da Farisa da Mamalikan Masar da babban yatsa su ke ja, suna sa masa zobe na ƙashi ko ƙaho ko ƙarfe, kuma Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi dogon bayani a kan hanyoyin riƙe tsirkiya da sakinta a littafinsa Al-Furusiyya. Saboda haka kayan aikin kansa ba laifi. Abin dubawa shi ne lokacin da kibiya ke tashi, da kuma wanda ya tashe ta.

Kunamar nan iri-iri ce. Akwai mai maɗauri a wuyan hannu wadda a ke taɓawa da manuniya, ita ce mafarauta suka fi amfani da ita, domin ba ta faɗuwa a daji kuma nauyin jan yana kan hannu gaba ɗaya. Akwai ta riƙewa a tafin hannu wadda a ke dannawa da babban yatsa. Sa'an nan akwai wadda ba ta da abin taɓawa sam: maharbi ya ci gaba da ja da naman bayansa, ƙarfen yana juyawa a hankali, har ya saki tsirkiya da kansa. Masu koyar da harbi suna yabon wannan ta ƙarshen, suna cewa in mutum bai san daidai lokacin da kibiya za ta tashi ba, ba zai zabura ya ɓata saiti ba. Ga mai gasar harbin allo wannan shawara ce mai kyau. Ga Musulmi mai neman abin da iyalinsa za su ci kuwa, sai a yi hattara.

Dalili shi ne niyya da bisimilla a lokacin sakin makami a ke neman su, kamar yadda a ke neman su lokacin da a ka ɗora wuƙa a wuyan rago. A mazhabar Maliki ambaton sunan Allah wajibi ne ga wanda ya tuna kuma ya ke da iko. In ya manta a ci, in ya bari da gangan ba a ci. Shafi'awa sunna suka ɗauke shi, Hambalawa kuwa sun fi kowa tsanantawa a farauta, domin a wurinsu ko mantuwa ba uzuri ba ce. To, mai kunamar manuniya ko ta babban yatsa shi ke da iko da lokacinsa: ya yi niyya, ya ambaci Allah, ya taɓa. Mai kunamar da ke sakin kanta kuwa, abin da mu ke gani shi ne ya yi bisimilla a daidai sa'ad da ya fara jan ƙarshe bayan ya gama saiti, domin daga nan zuwa tashin kibiya aiki ɗaya ne wanda ba a katse shi ba, kuma shi ne mai yinsa. Wannan ƙiyasi ne namu a kan ƙa'idar magabata, Allah shi ne mafi sani. In kuwa mutum ya yi bisimilla tun farkon ja, sa'an nan ya tsaya a jaye yana jira, dabba ta ɓace masa ta sake fitowa, ko wata dabam ta fito, to ya sabunta, ba abin da zai rage masa.

Inda ba shakka shi ne in kunama ta kuɓuce. Wannan ya kan faru da mai araha, ko wadda ƙura ta shige ta, ko wadda a ka sassauta ta ƙwarai, kuma ƙurar hunturun ƙasarmu ba ta raga wa irin waɗannan ƙananan ƙarafa. Kibiyar da ta tashi da kanta tun maharbi bai yi nufin saki ba, in ta dace ta kashe dabba, ba niyya a tare da ita, ba a ci sai in an riske ta da rai an yanka. Haka kuma bakan da a ka ɗana a hanyar dabbobi a ka tafi gida, hukuncinsa hukuncin tarko ne, kuma abin da tarko ya kashe ba a ci. Saboda haka a wurinmu kunama mai tauri kaɗan wadda ba ta tashi sai an nufa ta fi mai laushin da a ke yabo. Ban da maganar nama ma, ƙarfen da ya kuɓuce a tsakiyar ja ya kan sa mutum ya naushi bakinsa da hannunsa, kibiyar kuma ba a san inda za ta ba.

Niyya tana da wani reshe wanda ya shafi masu farautar dare da fitila a goshi. In mutum ya ga idanu suna ƙyalli ya harba yana zaton gadu ne, watau mugun dawa, ko kuwa bai yi nufin farauta ba sam, sai ga shi gada ce, ba a ci, domin bai yi niyyar halattawa ba. Amma in ya zaci barewa ce ta zama gada, a ci, tun da ya ke dukansu halal ne kuma ya nufi halal. A dajin da makiyaya ke kwana da dabbobinsu kuwa, harbin abin da ba a tantance ba ya wuce maganar nama, ya kai ga diyya da jini. Ko tunkiyar da ta ɓace ta zama kamar ta daji, a mashhurin mazhabarmu kibiya ba ta halatta ta, sai yanka, ko da ya ke sauran mazhabobi uku sun sauƙaƙa saboda hadisin raƙumin da ya gudu a ka tsayar da shi da kibiya.

BAKIN KIBIYA DA WUƘA

Bakin kibiya shi ne wuƙar maharbi, kuma hadisin Adiyyu ya yanke magana a kansa. Ya yi tambaya game da wani makami mai tsini a kai da kauri a jiki, a ka amsa masa cewa abin da ya huda da tsininsa a ci, abin da ya buge da gefensa ya kashe kuwa bugagge ne, kada a ci. A kantunan Turawa a kan sayar da baki mai dakushi na roba ko na ƙarfe domin zomo da tsuntsaye, wanda ke kashewa da duka, ba da huda ba. Musulmi ya bar wannan, sai in zai yi sauri ya yanka. Hukuncinsa ɗaya da kere da gora da 'yan farautar rani ke jifa da su, da dutsen danƙon yara. Harsashi dai malaman baya sun yi saɓani a kansa, amma manyan malaman Fas irin su Shehu Abdulƙadir Alfasi sun halatta, kamar yadda Dasuƙi ya kawo, saboda yana hudawa ya zubar da jini da gaggawa, kuma a kan wannan a ke tafiya.

Baki mai faɗi mai kaifin aska iri biyu ne: mai tsayayyun reza, da wanda rezarsa ke naɗe sai ya bugi jiki ta buɗe. Na biyun ya fi tafiya daidai a iska kuma rauninsa ya fi faɗi, amma yana cin ƙarfin kibiya wajen buɗewa, kuma wani lokaci ya kan ƙi buɗewa ko ya kauce in ya gamu da ƙashi. Mu dai mai tsayayyun reza mu ke zaɓa wa mutum, musamman in bakansa ba mai nauyi ba ne, kuma ana iya wasa shi a dutse kamar ko wace wuƙa. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba, wani hadisin kuma ya hana mai da abu mai rai abin gwajin saiti. Wanda ya sayi sabon baka ya koyi hannu a kan buhun yashi, kuma kada ya harbi dabba daga nesa fiye da inda ya tabbata zai sami ƙirji, wanda ga yawancin mutane bai wuce yadi 20 zuwa 30 ba. Kada kuma wani ya yi gangancin ɗora kibiyar kyauro a bakan zamani, domin za ta tarwatse a hannunsa. Ita ma kibiyar zamani ta baƙin zaren kabon, in ta karye a jikin dabba, sai a yanke naman wurin a yar saboda tsartse.

Abin da ya fi kowane araha a cikin kayan maharbi shi ne wanda hukunci ya fi rataya a kansa, watau wuƙa. In ka tarar da abin da ka harba da sauran rai kuma ba a huda makasa ba, yanka ya zama tilas. Malamai sun ce in wuƙar tana cikin jaka, ko tana hannun yaron da ke biye da kai a baya, har dabbar ta mutu kana nemanta, ka yi sakaci, ba a ci. Haka in ka yi jinkirin bin sawu alhali da ka bi da ka riske ta. A nan akwai saɓani da koyarwar mafarautan Turawa, waɗanda su kan ce a zauna a jira rabin sa'a ko fiye kafin a bi jini, wani lokaci ma a bari sai gari ya waye. A mazhabar Maliki abin da ya kwana ba ka gan shi ba, mashhuri shi ne ba a ci, ko da ya ke Risala ta kawo ra'ayin cewa in an tarar da kibiya a makasa ba laifi. Mai son fita daga saɓani ya bar harbin gab da magariba. In kuma kibiya ko gatari ya cire ƙafa dabba ta tsere da rai, wannan yankin mushe ne.

GA MAI SAYE DA MAI SAYARWA

Mai sayen banda a kasuwar Musulmi ba a ɗora masa binciken kowa ba. A hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, an tambayi Annabi game da naman da a ke kawowa ba a san ko an ambaci Allah a kansa ba, ya umurce su su ambata su ci. Amma wannan ga wanda bai sani ba ne. Wanda maharbi ya gaya masa da bakinsa cewa a tarko ya tarar da ita ta mutu, ko ya ga wuya ba alamar yanka kuma jiki ba raunin makami, ba shi da wannan uzuri, kuma kuɗin mushe haram ne ga mai sayarwa. Ma'aikata kuma su tuna akwai doka: tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da Doka ta 11 ta 1985 a kan dabbobin da ke neman ƙarewa. Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce, don bukata kuwa halal, kuma manyan namun da a ke ba da labarinsu a Rugu yawancinsu sun zama labari.

Saura magana guda wadda ba ta da daɗin faɗi. Tun wajen shekarun 2010 Dajin Rugu ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, ƙauyukan Batsari da Safana sun sha wuya ƙwarai, manoma da yawa sun bar gonakinsu, maharba da dama kuma sun koma tsaron gari maimakon bin sawun barewa. A watan Oktoba na 2023 ne Gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin taimaka wa jami'an tsaro. A irin wannan hali ɗan kasuwar da ya saro baka mai ratsa ƙirji daga yadi 30 ba tare da ƙara ba, ya san makami ya saro. Buhari ya kawo cewa sahabi Imrana ɗan Husaini ya ƙi sayar da makami a lokacin fitina, kuma ƙa'idar Malikawa ita ce ba a sayar wa mutum abin da a ka san ɓarna zai yi da shi, ko da abin halal ne a kan kansa. Wanda zai yi wannan ciniki ya fara neman izinin hukuma, ya kuma sayar wa wanda Sarkin Baka ko mai unguwar garinsu ya san shi ya kuma tsaya masa.